Sojan da Ya Shiga Kicin Ɗin Khala

Mun riga mun zama 'yan gari a unguwar Madinat Nasr ta Alƙahira lokacin da Khala ta tare a ɗakunan da ke kallon namu. Maigidana yana karatun digiri na uku a fannin fiƙihu, ni kuma ina zaman gida, ina dafa wa ɗalibanmu 'yan Najeriya ɗanwake da tuwon shinkafa idan kewar gida ta kama su. Gininmu tsoho ne, babu lif, muna can kusa da sama. Matar mai gadin ginin ce ta tare ni a ƙofa da kwandon cefanena, ta rage murya ta ce, "Kin yi maƙwabta. Mutanen Gaza ne, tsohuwa da surukarta."

Yaƙin ya riga ya yi watanni a lokacin. Muna ganinsa a waya da talabijin kamar kowa, sai dai mu a Masar muna jin cewa abin a bayan gida yake faruwa. Amma ban taɓa haɗa ido da wanda ya fito daga ciki ba sai ranar da na ƙwanƙwasa musu ƙofa da kwanon kunun gyaɗa.

Surukar ce ta buɗe, yarinya siririya, hannunta na hagu ɗaure da ƙarafan asibiti. Saboda hannun nan aka ba su izinin fitowa ta Rafah, iyakar Gaza da Masar, tsohuwar a matsayin mai jinya. Ta gwada mini uwar mijinta a zaune kan katifa a ƙasa, gajera, mai jiki, za ta haura sittin. Na gaishe ta da Larabcina na kasuwa, na ce mata Khala, kamar yadda ake kiran ƙanwar uwa a can. Ta ɗago ta dube ni, ta ce, "Allah ya kiyaye ki, 'yata," ta karɓi kofin, ta ajiye shi a gefe. Har na fita ba ta taɓa shi ba.

A hankali surukar ta ba ni labarinsu, muna shanya a baranda. Gidansu a arewacin Gaza yake. Da aka ce kowa ya tashi ya yi kudu, suka kulle gida suka tafi wajen wasu dangi. A can bam ya same su. Mijin Khala ya rasu, autarta ma ta rasu, budurwar da ake shirin bikinta. Ɗanta namiji, mijin wannan yarinya, yana can a tanti, bai samu fitowa ba. Khala kuwa aikinta ɗinki ne, irin surfanin nan nasu na jan zare a kan baƙin yadi, wanda ake yi wa riguna a ƙirji da hannuwa.

Tana da ciwon suga, amma maganin da asibiti suka ba ta yana nan a kan taga ko buɗe shi ba ta yi ba. Abinci sai an yi da gaske take cin loma biyu. Ba ta kuka, ba ta hira. Idan na shiga sai in zauna kusa da ita in yi ta surutuna, in ba ta labarin Zariya da yadda muke rina zare, ita kuwa idonta na kan bango. Surukar ta ce mini wata rana, "Anti, so take ta bi su. Ta dai ƙi faɗa ne don tsoron Allah."

Ni a lokacin zuciyata tafasa take yi. Ba zan ɓoye ba. Idan na ga an ciro yaro daga ƙarƙashin gini, sai in ji ina son in ga irin wannan ƙurar ta tashi a wancan ɓangaren, in ga su ma suna tono da hannu. Na daina sayen kayayyaki da dama a shago. A sujada ina roƙon abubuwan da ba na iya maimaitawa a gaban maigidana.

Wata rana da la'asar ina tsinke zogale na ji ihu daga ɗakinsu, irin wanda ban taɓa jin ya fito daga bakin mutum ba. Kafin in miƙe surukar tana dukan ƙofata da hannunta mai lafiya. Na shiga na tarar da Khala a tsaye, karo na farko da na gan ta a tsaye ba don alwala ba, waya a hannunta.

Wata maƙwabciyarsu ta Gaza ce ta turo musu bidiyon. Wani sojan wancan ɓangaren ne ya ɗauka ya sa a shafinsa. Suna cikin wani kicin mai shuɗin tayil, su uku ko huɗu, bindigogi a jingine da firji. Ɗaya yana buɗe kwalaben zaitun yana zubarwa a ƙasa. Shi kuwa mai shafin, yaro ne da bai wuce sa'ar ƙanena ba, fuskarsa a buɗe, ya zura baƙar riga mai jan surfani a kan kakinsa, yana karairaya yana rawa irin ta mata, sauran suna tafi suna shewa.

"Kicin ɗina ne," in ji Khala. "Ga tsagin da ke jikin tayil ɗin kusa da famfo. Rigar nan ni na ɗinka ta. Ta bikin 'yata ce. Hannun dama ma ban ƙarasa ba."

Ta sake kunna shi. Ta sake. Surukar tana roƙonta ta bari, ta ƙi. Ni ma na tsaya ina kallo ta kafaɗarta har na haddace fuskar: siririn gemu, giɓi a haƙoran sama, gira mai kauri. A ƙarshen bidiyon ya ɗage rigar ya share takalminsa da gefenta.

Da ta gaji ta zauna, ta jawo ni na zauna kusa da ita. Muryarta ta sauya, ta zama a daidai, kamar mai ciniki.

"'Yata, an ce kin iya Turanci."

Na ce malamar Turanci ce ni a sakandare kafin in biyo Malam, maigidana.

"To za ki rubuta masa. Ni zan faɗa, ke ki juya. Kada ki rage komai, kada ki gyara mini."

Surukar ta nemo shafin. Na riƙe wayar, Khala tana faɗa da Larabci a hankali don in gane. Ta ce a gaya masa ita ce mai gidan. Ta ce rigar da ya saka ta yarinya ce da aka tara gawarta a buhu. Ta ce Allah ya sa duk rigar da zai saka a rayuwarsa ta yi masa ƙaiƙayi har kabari. Ta ce Allah ya ba shi 'ya mace, ya so ta kamar ransa, ranar bikinta ya tuna. Ta ce ta ga fuskarsa, kuma ba ta mantuwa. Na juya duka, ban sassauta ko kalma ɗaya ba. Gaskiya ma daɗi na ji. Na daɗe ban ji daɗin Turancina kamar ranar ba.

Na ce mata, "Khala, amma kin san ba shi ne ya jefa bam ɗin ba."

"Na sani," ta ce. "Wanda ya jefa yana sama, ban ga fuskarsa ba. Wanda ya ba shi umarni yana ofis, ban ga tasa ba. Wannan Allah ya nuna mini. Shi zan riƙe."

Bai ba da amsa ba. Wasu mutane suka shigo ƙarƙashin saƙon, wasu suna zaginsa, wasu suna zaginmu, wani ya sa hoton dariya. Bayan kwanaki kaɗan aka rufe shafin gaba ɗaya. Surukar ta riga ta adana bidiyon a wayarta da tawa.

A gidanmu akwai al'ada. Duk Juma'a bayan an sauko masallaci abokan Malam sukan hau su ci tuwo, su baje a falo su yi ta muhawara har la'asar. A watannin nan maganar ɗaya ce: ina wannan abu zai ƙare? Wani ɗan Sakkwato mai karatun tarihi kullum sai ya kawo mayaƙan Salibiyya, Kiristocin Turai da suka zauna a ƙasar Falasɗinawa fiye da shekara ɗari da ganuwoyinsu, a ƙarshe suka kwashe. Ya ce Sahyoniyanci, aƙidar da aka kafa ƙasar Yahudawa a kanta, shi ma haka zai yi, don duk mulkin da ba ya tsayuwa sai da makamin wata ƙasa ranar da aka gaji da shi ya faɗi. Wani ɗan Maraɗi ya ce a'a, a dubi Afirka ta Kudu, Turawan ba su tafi ba, tsarin wariyar ne ya mutu, kowa ya zama ɗan ƙasa. Akwai kuma wani ɗan Gombe mai yawan shiru, shi ya ce duk mafarki suke yi, mai ƙarfi ba ya sauka don an kawo masa misali daga littafi, jikokinmu ma wannan muhawarar za su gada. Ni ina kicin ina jin su, ina kwashe tuwo, ina jin haushin yadda suke lissafa ƙarnuka da bakin da ke tauna nama.

Juma'ar da ta biyo bayan bidiyon, Khala ta ƙwanƙwasa ƙofarmu da kanta. Ta zo mayar mini da kwano. Ta ji muryoyi, ta tambaye ni me suke cewa, don da Hausa suke yi. Na gaya mata. Sai ta gyara mayafinta ta wuce ni ta tsaya a bakin falo. Maza suka janye ƙafafu. Malam ya miƙe ya ba ta kujera, ya ce, "Bismilla, Hajiya," suka koma Larabci.

Ɗan Sakkwaton ya maimaita mata maganarsa cikin ladabi, yana ganin zai faranta mata. Ta saurare shi har ya gama.

"Shekara ɗari," ta ce. "Ɗana, kakata ta fito daga ƙauyensu tana goye da uwata, aka ce mata kwana kaɗan ne. Ta mutu tana jira. Uwata ta mutu tana jira. Yanzu kai ma ka ce in jira tarihi. Tarihi ba shi da fuska. Ni mutum nake nema."

Malam mutum ne mai auna magana, kuma ya san ba kowa zai so abin da zai faɗa ba. Ya ce, "Hajiya, ki yi haƙuri da tambayata. A cikinsu akwai waɗanda aka haifa a can, iyayensu ma a can, ba su san wata ƙasa ba. Akwai Yahudawan da suke fita titi suna cewa ba da yawunsu ake wannan ba. Kuma ranar da abin nan ya ɓarke, su ma an kashe musu mata da yara a cikin gidajensu. Can ma akwai uwa irinki."

Na ji kamar in jefa masa ludayi. A gaban wannan mata zai kawo wannan? Amma Khala ba ta ɗaga murya ba.

"Akwai," ta ce. "Ta nemi wanda ya kashe mata nata ta kai shi gaban alƙali, ba zan tare mata hanya ba. Ni nawa nake bi. Waɗanda aka haifa kuma, ban ce a zuba su a teku ba. Teku ya ishe ni, a gabansa na girma. Su zauna. Su sha ruwan da nake sha, su bi layin da nake bi, soja ya tsayar da su inda yake tsayar da ni, ko kuma kada ya tsayar da kowa. Amma kafin in zauna da su sai an biya ni. Babu wanda zai ce mini a yafe a wuce. Wannan yaron sai ya tsaya a gabana, ba bindiga, ba abokai, ya gaya mini me ya ba shi dariya."

Ɗan Gomben ya ce a hankali, "In kuma ranar ba ta zo ba fa?"

"To su ma ba za su yi barci ba," ta ce. "Ƙasar da aka gina a kan kicin ɗin mutane, mai ita kullum da ido ɗaya yake kwana. 'Ya'yansu za su gaji tsoro kamar yadda namu suka gaji tanti. Su suka zaɓa."

Ta miƙe ta fita. Ranar tuwo ya yi saura.

Surukar ce ta ji labari a asibiti cewa akwai wasu matasan lauyoyi a unguwar Faisal, Falasɗinawa da Misirawa, masu karɓar shaidar mutanen Gaza da ke Alƙahira. Ranar da aka ba su ta zo daidai da ranar wankin ciwonta, don haka ni na raka Khala. Saukowa daga benen kaɗai sai da muka huta a kowane hawa. Muka shiga ƙaramar bas zuwa tashar jirgin ƙasa, muka tsallaka kogi, muka sake shiga wata bas a Giza, direba yana ta "yalla, yalla," wato a yi sauri, ita kuwa gumi yana keto mata, leɓɓanta sun bushe. Sau biyu na ce mu koma, ta ƙi ko kallona.

Ofishin ɗaki biyu ne a saman wani shagon gyaran waya. Wata lauya mai tabarau, da ba za ta wuce talatin ba, ta zaunar da mu, ta kalli bidiyon, sannan ta shiga tambayoyi. Wane layi gidan yake? Me ake hangowa daga tagar kicin? Akwai tsohon hoton da ya nuna tayil ɗin? Khala tana amsawa dalla-dalla. Da aka zo kan rigar ta kwatanta kowane zane da ke ƙirjinta, da inda zaren ya ƙare mata ta canza wani ja da bai yi daidai da na farko ba. Lauyar ta tsayar da bidiyon ta matso da hoton. Wajen yana nan.

"Khala," in ji lauyar, "ba zan yi miki ƙarya ba. Sunansa ba zai yi wuyar samuwa ba, tunda da kansa ya sa. Akwai ƙasashen da idan ya taka su ana iya shigar da ƙara. Amma abin yana ɗaukar shekaru. Yana iya kaiwa ashirin, yana iya fin haka. Yana iya yiwuwa ma ba a taɓa kiransa ba."

"Idan aka kira shi, za a kira ni?"

"Idan kina raye, ke ce shaida ta farko."

Khala ta miƙe tsaye. Sai ta ce, "Tamam. Shi ke nan."

A hanyar dawowa ta sa muka sauka a wani kantin magani. Ta miƙa yatsa aka gwada sugarta, mai kantin ya zaro ido ya fara faɗa, ta ce ya daina ihu ya gaya mata abin da za ta ci da abin da za ta bari. Da muka isa gida ta ɗauko maganin nan daga kan taga, ta kakkaɓe ƙurarsa, ta haɗiya a gabana. Sannan ta ce, "Wannan ganyen da kike tsinkewa, an ce yana da amfani. Ki dafa mini."

Daga ranar Khala ta koma wata mace. Ta bar shayi mai suga, ta bar farin burodi. Kullum da hantsi sai ta sauka benen nan ta zaga gini ta hawo, tana haki tana zagi, matar mai gadi tana yi mata kirari. Ta sayo yadi da zare ta koma ɗinki, matan unguwa suna kawo mata aiki. Ba wai ta huce ba ne. Bidiyon tana kallonsa duk safiya bayan azkar, kamar mai shan magani. Wata rana na shiga na same ta a kan sallaya ta ɗaga hannu, na tsaya ina jira ta shafa, sai na ji abin da take roƙo. Tana cewa Allah ya tsare yaron nan daga harsashi, ya tsare shi daga haɗarin mota da ciwon daji, ya ja kwanansa, ya bar masa hankalinsa da idonsa garau.

Da ta shafa na ce, "Khala, shi kike yi wa wannan addu'a?"

"Shi mana. Idan ya mutu a yaƙi za su lulluɓe shi da tuta, uwarsa ta rataya hotonsa a falo. Ban yarda ba. So nake ya yi sanƙo, ya yi tumbi, ya manta, ya ɗauki matarsa su tafi hutu wata ƙasa, a filin jirgi a dafa kafaɗarsa."

Na ce amin, kuma har cikin raina na faɗa. Tun daga ranar na canza tawa addu'ar ni ma. Na daina roƙon ƙura da rugujewar gini, don na lura idan na roƙi wannan fuskokin da nake gani a ƙarƙashin ginin na yara ne. Na koma roƙon abin da take roƙo, a kansa da waɗanda suka aike shi.

Malam ya kammala karatunsa muka dawo Zariya. Khala tana nan a Madinat Nasr. An cire wa surukar ƙarafan, hannun bai miƙe sosai ba amma tana riƙe kofi da shi. Ɗan Khala ya samu ya leƙa unguwarsu da aka ɗan tsagaita wuta, ya ce bai iya gane inda layinsu yake ba. Lauyar ta kira sau ɗaya ta ce sun tabbatar da sunan sojan, sun haɗa da wasu ƙorafe-ƙorafen, sai a jira. Ko Sahyoniyanci zai kai jikokinmu, ko zai ruguje, ko zai rikiɗe ya zama wani abin da ba mu san sunansa ba, Malam da abokansa suna nan suna yi a waya, ban sani ba, su ma ba su sani ba.

Muna gaisawa da Khala ta saƙon murya. Na makon jiya ta ce likita ya rage mata magani, ta ce an yi mata sabon tabarau, yanzu tana zura zare a allura ba ta kiran kowa. Ta tambayi Malam da yara. Sannan ta ce in samo mata garin zogale mai kyau in ba duk ɗalibin da zai taho, wanda na bar mata ya kusa ƙarewa.